Bangaskiyar da ke fito da mutum daga ƙuryar ɗaki

Duk wanda ya bi hanyar Katsina ta Dawanau da Bichi da Tsanyawa, ko ya ratsa ta Ɗambatta zuwa Kazaure, ya san ƙasar da ba ta da saura. Gona na jingine da gona, gida na hango gida, babu daji sai itatuwan da aka bari da gangan, su gawo da ɗorawa da kuka. Michael Mortimore, masanin ƙasa da ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya daɗe yana nazarin yadda manoman kewayen Kano ke noma fili ɗaya kowace damina ba hutu, suna riƙe ƙarfinsa da takin dabbobi da sharar birni da guminsu. A irin wannan ƙasa arzikin gida yana kan yawan hannuwan da za su riƙe fartanya a watan Yuni da Yuli. Idan hannu ɗaya ya gaza, ko ido ya rufe, ko ƙafa ta shanye, gidan duka ne ke ji a rumbu. Cikin waɗannan garuruwa akwai Hausawa Kirista, Masihiyawa, akasarinsu jikokin Maguzawa, 'yan tsiraru a tsakanin maƙwabta Musulmi, harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, damuwarsu ɗaya idan ruwa ya yi jinkiri. A bakinsu ba a rasa jin cewa da bangaskiya ake cin nasara a kan kowace wahala. Na yarda da wannan magana. Damuwata ita ce a 'yan shekarun nan ana ta sauya mata ma'ana, sauyin kuma yana cutar da waɗanda aka fi faɗa wa ita.

Mene ne yake ɗaure mai lalura a karkara? Ciwon yana nan, talauci yana nan, nisan asibiti ma haka, amma gaba da su duka akwai hukuncin da jama'a suka riga suka yanke masa. Za a ce alhakin wani ne ya kama shi, ko sammu aka yi masa, ko ya gamu da iska, ko kuwa abin a jinin gidansu yake, kada a ba su aure. Wanda ya tashi yana jin ana faɗin haka a kan wasu, ranar da ya ga alama a jikinsa ɓoyewa zai yi. Kuturta ce ta fi nuna wannan ɓarna a fili. Takan fara da ɗan tabo mai haske a fata, wanda ba ya jin taɓi, kuma a wannan mataki maganin wata 6 ko 12 yana kashe ƙwayar cutar, mutum ya ci gaba da nomansa lafiya lau. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna a sha tare, tun 1995 kuma kyauta ake bayar da su. Amma mai tabon sai ya rufe shi da riga shekara da shekaru, har cutar ta lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, ya daina jin zafin wuta da sukar ƙaya, gyambo ya shiga, yatsu su tafi. Maganin da zai sha bayan nan zai kashe cutar, yatsa kuwa ba zai dawo ba. Haka labarin yake ga matar da doguwar naƙuda ta bar wa yoyon fitsari, aka ware mata ɗaki da kwanon cin abinci, ta zauna shekaru alhali aikin tiyata yana warkar da mafi yawan irinta. Haka yake ga yaro mai farfaɗiya da aka cire daga makaranta don kada ya faɗi a gaban mutane. Kafin a yi maganar kuɗin mota zuwa asibiti, sai an fara samun abin da zai sa mutum ya yarda a gan shi.

A nan tarihin Yadakunya yake da abin koya mana. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, hukumomin En'e suka miƙa wa mishan ɗin SIM kula da mazaunan kutare: Yadakunya, cikin ƙaramar hukumar Ungogo ta yau, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A wancan lokaci babu magani mai ƙarfi. Allurar wani mai ake yi, wanda ake tatsowa daga 'ya'yan wani itace na ƙasar Indiya, ga zafi, ga ƙarancin amfani. Sai a ƙarshen shekarun 1940 ƙwayar dafson ta fara sauya al'amarin. Ke nan an yi kusan shekara goma ana karɓar mutanen da ba a iya warkar da su yadda ya kamata. To me aka ba su? An wanke musu gyambo da hannu, a zamanin da danginsu ma ke ƙyamar haɗa kwano da su. An ba su gona, an koya musu karatu da rubutu, wasu suka zama ma'aikatan jinya da masu raba magani, wasu malaman makaranta, wasu masu bishara. Masaniyar tarihi Shobana Shankar, a littafinta na 2014 kan asalin Kiristanci a masarautun Arewa, ta nuna yadda waɗannan mazaunai suka fitar da Kiristocin farko masu yawa, waɗanda suka koma karkara ɗauke da ilimin boko da sanin magani. Mutumin da aka kawo a matsayin kaya ya koma garinsu ana sallama a ƙofarsa ana neman taimako. A 1943 mishan ɗin ya buɗe asibitin ido a Sabon Garin Kano, wanda yau ECWA ke riƙe da shi, kuma har gobe mutanen karkara, Musulmi da Kirista, can suke kai tsofaffinsu a cire musu yana.

Wannan aiki daga koyarwa ya fito, koyarwar kuma tana cikin Littafi Mai Tsarki da aka kammala fassara shi da Hausa aka buga a 1932. A sura ta 9 ta Bisharar Yohanna almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambayi Yesu ko laifin wa ya jawo haka, nasa ko na iyayensa. Tambayar zauren ƙauye ke nan sak. Yesu ya ƙi ɗora wa kowa laifin. A Bisharar Markus ya miƙa hannu ya taɓa kuturu, abin da dokar tsarki ta zamanin ta hana, ya kuma tsaya cikin taro ya yi magana da matar da ta shekara 12 tana zubar jini. Za a ce ai duk waɗannan an warkar da su. Gaskiya ne, shi ya sa labarin Manzo Bulus yake da muhimmanci. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa ya ba da labarin wata lalura da ya roƙa sau uku a ɗauke masa, ba a ɗauke ba, kuma da ita ya zaga ƙasashe yana kafa ikkilisiyoyi, yana ɗinkin tanti don ya ci da kansa. Abin da Kirista ya kamata ya ɗauka daga nan shi ne darajarsa a gaban Allah ba ta jiran ranar da zai warke. An karɓe shi yadda yake, tun yau. Wanda wannan ya zauna a zuciyarsa yana iya buɗe tabonsa a gaban likita, yana iya shiga sujada da sandarsa ya zauna a gaba, yana iya neman aure. A ganina babban aikin bangaskiya a rayuwar mai lalura ke nan, saura kuma a kansa ake ginawa.

Marigayi Bitrus Gani-Ikilama shaida ne. Ƙyanda ta ɗauke masa gani tun yana ƙaramin yaro. Abin da aka saba a Arewa shi ne yaro irinsa ya ƙare da ƙoƙon bara da ɗan jagora. Shi kuwa aka kai shi makarantar makafi ta Gindiri, wadda mishan ɗin SUM ya buɗe a 1953, ya koyi rubutun da ake karantawa da yatsa, ya wuce Landan ya karanci aikin gashin ƙashi, ya dawo ya yi shekaru yana aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, masu ido suna bin layi yana gyara musu gaɓoɓi. Ya kafa gidauniyar Hope for the Blind a Zariya don taimakon makafi 'yan'uwansa. Kirista ne da bai ɓoye bangaskiyarsa ba, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa idonsa bai buɗe ba. Idan ma'aunin bangaskiya shi ne warkewa nan take, to sai a ce ya gaza. Babu mai hankalin da zai faɗi haka.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Na farko zai ce dafson ne ya kashe kuturta, wuƙar likita ce ta cire yana, makaranta ce ta ɗaga Bitrus Gani, me ya kawo bangaskiya ciki? Ban musa ko ɗaya ba. Ƙwayar cuta ba ta tambayar addinin wanda ya haɗiyi magani. Sai dai magani ba ya tafiya da ƙafarsa. Tun 1995 ake raba maganin kuturta kyauta, amma har yanzu a Nijeriya ana samun sababbin masu cutar kowace shekara, wasunsu ba sa zuwa sai gaɓoɓi sun riga sun lalace. Tsakanin ƙwayar magani da bakin mara lafiya akwai tazarar da kimiyya kaɗai ba ta rufewa: wani ne zai lallashe shi ya fito, wani zai raka shi, wani zai nome masa gona ranar da yake kwance, wani kuma zai ci abinci tare da shi idan ya dawo don jama'a su gani. Mutane ba sa yin irin wannan hidima shekara da shekaru ba tare da wani dalili mai zurfi ba, kuma ga Masihiyawan karkara dalilin shi ne abin da suka gaskata. Abin lura ne cewa da kuturta ta ja baya, mazaunan kutaren nan ba su mutu ba. Babbar Ruga ta zama cibiyar aikin yoyon fitsari ta ƙasa, a Danja kusa da Maraɗi ma an buɗe irin wannan cibiya kusa da asibitin kutare na SIM. Hidimar ta bi sawun ciwon da aka fi ƙyama a kowane zamani.

Ja na biyu ya fi nauyi, kuma daga 'yan'uwa Musulmi ya fi fitowa. Suna cewa 'yan mishan sun yi amfani da ciwo da talauci sun farauci mutane, sun tarar da su a lokacin rauni suka sauya musu addini. Wanda ya ce babu ƙamshin gaskiya a nan bai karanta tarihi ba. 'Yan mishan ba su taɓa ɓoye cewa bishara ce ta kawo su ba, sarakuna kuma sun gane haka, shi ya sa aka gindaya sharuɗɗa a kan wa'azi ga marasa lafiya Musulmi, musamman yara. Mutumin da ke kwance, abincinsa da maganinsa suna hannunka, ba shi da cikakken 'yancin ce maka a'a, kuma duk inda aka yi amfani da wannan dama an yi kuskure a bisa ma'aunin Kiristanci kansa. Amma a duba sauran labarin. Ɗimbin waɗanda suka yi jinya a Yadakunya Musulmi suka shiga, Musulmi suka fita, haka ma masu zuwa asibitin ido har yau. Waɗanda suka koma Kirista kuwa, jikokinsu suna nan a ikkilisiyoyin karkara shekaru da dama bayan Turawan sun tafi, bayan gwamnati ta karɓe asibitoci da makarantu, babu wata riba ta duniya da zama Kirista ke kawo musu a ƙauyen Kano. Abin da aka saya da ƙwayar magani ba ya daɗewa haka. Darasin da ya rage wa ikkilisiya a yau shi ne ta yi hidima ba tare da sharaɗi ba, ta bar wa mutum zuciyarsa.

Ba kuma ina cewa Kirista kaɗai ke da wannan ƙarfi ba. Musulmi suna da tawakkali, suna da hadisin ɗaure raƙumi kafin a dogara ga Allah, kuma a cikin birnin Kano waɗanda shan inna ya nakasa sun haɗa ƙungiya suna walda suna ƙera kekunan guragu, sun kuma shiga gaba wajen kiran iyaye su kai yara rigakafi har aka tabbatar a 2020 cewa asalin nau'in ƙwayar cutar ya ƙare a Nijeriya. Bahaushe tun da can ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Ina magana da Masihiyawa ne a kan abin da ke hannunsu, domin a gidansu ne nake ganin ɓaraka.

Ɓarakar ita ce sabon wa'azin da ke shigowa ƙauye ta waya da tauraron ɗan'adam da tarurrukan farkawa. Wa'azin nan yana cewa mai bangaskiya ta gaske ba ya ciwo, ba ya talauci; ka shafa wannan mai, ka shuka irin kuɗi, ka furta cewa ka warke, to ka warke. Idan ba ka warke ba fa? Amsar a shirye take: bangaskiyarka ce ta yi kaɗan, ko akwai zunubin da ka ɓoye, ko la'anar kakanninka Maguzawa ce ke bin ka. A duba da kyau, tsohon hukuncin zaure ne ya dawo sanye da rigar coci. Gurgun da ya tafi taro da nauyi ɗaya ya dawo da biyu, ga ƙafa ga zargin kai. Ɓarnar ba ta tsaya a zuciya ba. Mai tarin fuka da ya ajiye magani kafin wata 6 su cika don an ce masa ya warke yana iya tayar da nau'in cutar da ba ya jin magani, ya kuma shafa wa iyalinsa. Mai ƙanjamau, mai farfaɗiya, mai hawan jini, duk maganinsu na kullum ne. Mai hawan jinin ido da ya tsaya jiran mu'ujiza, ganin da ya rasa ya tafi ke nan har abada. Kuɗin da aka zuba a matsayin iri kuwa sau da yawa na akuyar da aka sayar ne, wadda ita ce kuɗin takin bana.

Masu wannan wa'azi za su tambaye ni ko ina taƙaita ikon Allah ne. Ko kusa. Na gaskata Allah yana warkarwa, da magani da kuma ba tare da magani ba, kuma yin addu'a a kan mara lafiya umarni ne ga dattawan ikkilisiya. Abin da na ƙi shi ne mutum ya yi alkawari da sunan Allah a kan abin da Allah bai alkawarta ba, sa'annan ya ɗora wa mara lafiya laifin rashin cikarsa. Luka da ya rubuta ɗaya daga cikin Bisharu huɗu likita ne. Bulus, wanda aka yi mu'ujizai ta hannunsa, ya bar abokin tafiyarsa kwance ba lafiya a Militus, ya kuma ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa. Babu inda ya tuhume su da ƙarancin bangaskiya. Mai wa'azin da ya ɗaura wa talaka kayan da manzanni ba su ɗaura wa abokan aikinsu ba, sai ya faɗa mana inda ya samo iznin.

Saura ja ɗaya, na masu cewa addini yana sa talaka ya yi shiru, ya kira zalunci jarrabawa. Wannan haɗari ne na gaske, domin ba kowane iyaka ne yake a jiki ba. Hausawa Kirista, ta bakin ƙungiyoyinsu irin su Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, sun daɗe suna kokawa kan wahalar samun filin gina majami'a, da ƙarancin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, da yadda ake yi musu kallon baƙi a garin kakanninsu. Haƙuri a kan abin da ba ya canzuwa daban, yin shiru a kan haƙƙi daban, kuma fasto da ya haɗa su ya cuci jama'arsa. Tarihin ƙaramar al'ummar Kirista ta Wusasa ya nuna bangaskiya ba ta hana mutum tsayawa a fagen jama'a: daga can Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likitan farko daga Arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, haka Farfesa Ishaya Audu da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Game da masu lalura ma akwai doka. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci, wadda ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Wa'adin ya riga ya cika. Ikkilisiya tana da bakin da za ta karanta wa mutanenta wannan doka ranar Lahadi, ta kuma raka su sakatariyar ƙaramar hukuma da ita.

Kayan aikin suna nan a ƙauye, ba sai an jira tallafi daga waje ba. Akwai Zumuntar Mata, wadda ta san kowane ɗaki da abin da ke cikinsa fiye da kowane jami'in lafiya. Akwai gayya, akwai adashi, akwai baikon godiyar kaka da ake tara dammunan gero da dawa a gaban majami'a. Ikkilisiyoyi da yawa sun riga sun sa gwajin jini kafin ɗaurin aure saboda sikila, kuma ba wanda ya ce hakan rashin bangaskiya ne. Abin da nake so makarantun horar da fastoci, irin ta ECWA da ke Tofa, su ƙara shi ne kada ɗalibi ya fita sai ya iya gane tabon kuturta, ya san alamun tarin fuka, ya san asibitin da ake aikin yoyon fitsari da ranar da ake ganin masu ciwon ido, ya kuma san abin da ba zai taɓa faɗa wa mai shan magani ba. Tun da damina ya kamata fasto da dattawa su rubuta sunayen tsofaffin da yana ta rufe wa ido da yaran da aka ajiye a gida, domin da an gama girbi, lokacin da ake da ɗan kuɗi a hannu kuma gona ta saki mutane, a ware wani kaso na baikon kaka a ɗauki mota a kai su Kano kafin samari su watse cin rani.